Kai, mai keke!

Assalamu alaikum. Ni mushe ne, wato malamin makaranta, ina koyarwa a wata lakwal ta gwamnati a cikin garin Maradi, bana shekarata 14 da riƙe alli. Gidana yana can ƙarshen unguwar Zariya inda kwalta ta ƙare yashi ya karɓa, lakwal ɗin kuwa tana ɓangaren tsofaffin unguwanni, wajen su Bagalam da Mokoyo. Kullum sai na ratsa gari sau huɗu, safe da rana da la'asar da yamma, in ban da ranakun da ba a komawa. Tun ƙarshen 2023 a kan keke nake wannan zirga-zirga, kuma abin da na gani a wajen mutanen da ban sani ba, su ma ba su san ni ba, shi nake so in faɗa.

Da ina da moto, Kasea ja, wadda na saya da kuɗin adashe. Lokacin isansi ba abin damuwa ba ne a Maradi. Ko'ina ka waiga ga kwalabe jere kan tebur a bakin hanya, mai ne da ke shigowa daga Najeriya ta Jibiya da Ɗan Isa, ya fi na gidan mai araha nesa ba kusa ba. Sai ga watan Mayun 2023, Tinubu ya hau mulkin Najeriya ya ce tallafin mai ya ƙare, kwalba ta tashi sama a kwana kaɗan. Ba mu gama jin wannan ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa mana takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta. Garin da numfashinsa kasuwanci da Katsina da Kano ne, kowa ya san abin da hakan ke nufi. Shinkafa ta hau, magani ya hau. Ana cikin haka mahaifiyata ta kwanta ciwo. Takardar magani ta farko na biya da abin da ke hannuna, ta biyu na ci bashi, ta uku na tura moto wajen dillali. Ban yi nadama ba ko kaɗan, Inna ta tashi, Alhamdu lillahi.

Wata guda na yi ina hawan kabu-kabu da adaidaita. Da na zauna na yi lissafi sai na ga kuɗin cefane nake zubarwa a hanya. Nan na tuna da keken Baba, Allah ya jiƙansa, wanda ke rataye a zauren gidanmu a ƙauye, can wajen Jiratawa. Phoenix ne baƙi, mai kariya mai faɗi a baya, irin wanda in ka ɗaga shi sai ka yi nishi. Da kuɗin gyaɗa Baba ya saye shi. Inna tana ba mu labari cewa ranar da ya shigo da shi gari yara sun bi shi har ƙofar gida, dattawa suna zuwa suna taɓa ƙararrawa, ana ta yi masa barka kamar wanda ya dawo daga Makka. Da shi ya yi shekaru yana kawo zogale da tumatir kasuwar Maradi. Na ɗauko shi a saman mota, na kai wa mai gyara, aka sa tayoyi da tif da sarƙa da robar birki, aka zuba wa feda mai. Ranar Litinin na ɗaure littattafaina a kariya, na naɗe ƙafar wando ta dama, na hau.

Abu na farko da ya ɓace shi ne sunana. Ba wai sunan yanka ba, sunan da baƙo ke ba ka in bai san ka ba. Ina kan moto, mai shago da mai tireda da ɗan sanda duk ko “Alhaji” suke ce mini ko “Malam”, alhali ban taɓa taka ko filin jirgin Yamai ba. Riga ɗaya, hula ɗaya, fuska ɗaya, amma daga ranar nan na koma “kai, mai keke”. Wani lokaci “tsoho”, ni da furfura ba ta fi tsilli biyar a gemuna ba. Akwai wani mai sayar da burodi a hanyata da na yi shekaru ina tsayawa wurinsa. Da, kafin in kashe moto ya miƙo mini leda. Ranar farko da na zo a keke sai da ya sallami mutum uku da suka zo bayana, sannan ya dube ni ya ce, “Na nawa?” Da ya gane ni sai ya dafe baki, “Subhanallahi, Mushe, kai ne? Mi ya faru?” Kamar wanda ya ga an yi mini rasuwa.

Hanya kuwa, wanda bai taɓa hawa keke a Maradi ba ba zai gane wahalarta ba. Garin nan a kan tudun yashi yake, tun da ambaliyar 1945 ta sa aka tashe shi daga cikin kwarin gulbi aka hau da shi sama. Yashin ba ya zama inda aka ajiye shi. Iska tana kwaso shi, ruwan damina yana kwaso shi, duk ya taru a gefen kwalta, daidai wurin da kowa ya yanke cewa nan ne rabon mai keke. Tayar keke siririya ce, in ta shiga yashi sai kan ya fara rawa, ko ka sauka ko ya kayar da kai. In ka ɗan matso kan kwalta mai tauri don ka tsira, sai oda ta tashi a bayanka. Kuma oda iri-iri ce, na koyi bambanta su. Akwai ta “ga ni nan tafe”, gajera, ba ta da laifi. Akwai doguwa wadda ake danne wa ba a saki, ma'anarta “wane ne kai da za ka taka kwalta”. Ita ce ta fi yawa. Mai adaidaita zai wuce ka, ya hango fasinja, ya yanko gabanka ya taka birki, kai ka san yadda za ka yi da ranka. Ƴan kabu-kabu, yara sa'annin ɗaliban da na yaye, su gogi hannunka da madubi su waiwayo su ce, “Baba, ka kauce mana!” Da damina kuma, inda ruwa ya kwanta, wasu kamar da gangan suke ƙara wuta. Sau biyu na shiga aji da taɓo har kafaɗa. Tun daga nan nake ajiye riga ɗaya a cikin akwatin aji, wadda ke yi mini amfani kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, in na iso kamar an tsamo ni daga rijiya.

Abin mamaki, waɗanda suka fi ba ni hanya su ne direbobin manyan motoci, masu tirela da ke bin hanyar Ɗan Isa. Sau da yawa na ga ƙaton kai ya rage gudu a bayana, ya jira har ya samu fili, sannan ya buɗe sosai ya wuce. Wataƙila don sun san in suka taɓa mutum ba a zancen asibiti. Ƙananan motoci masu baƙin gilashi ne ba sa ganin kowa.

Ɗaya daga cikinsu ce ta kayar da ni, wata ranar Talata da rana tsaka, kusa da babbar kasuwa. Motar tana tsaye a gefe, ina wucewa, sai aka buɗe ƙofa ba tare da an duba ba. Kan keke ya daki ƙofar, na wuntsila, littattafan gwajin yara arba'in da wani abu suka watse a kwalta. Gwiwata ta sale, ƙafar keken ta gaba ta lanƙwashe kamar faifai. Nan da nan mutane suka taru, kun san halin bakin kasuwa. To, ina zaune a ƙasa ina kallonsu, wallahi yawancinsu ƙofar motar suka nufa. Suna shafa wurin da fenti ya kankare, suna cewa, “Kai, Alhaji, Allah ya kiyaye gaba.” Wani ya juyo ya ce mini, “Kai ma ba ka gani ne? Mota tana tsaye ka zo ka hau ta?” Wani kuma ya ce, “A yi haƙuri, ai keke ne, abin ya zo da sauƙi.” Na daɗe ina juya wannan magana. Sauƙin da yake nufi, ba mota ko moto aka lalata ba.

Mai motar ya fito, mutum ne kamili a ido, farar shadda, ƙamshin turare. Bai zage ni ba, gara ma ya zage ni. Ya dubi ƙofarsa, ya dubi keken, ya sa hannu a aljihu ya zaro dala ɗari, wato sefa 500, ya miƙo mini yana kallon wani wuri, ya ce, “Ungo, ka sha ruwa.” Na ce masa na gode, ya bar kuɗinsa. Sai taron ya juya kaina. “Dubi girman kai!” “Talaka da faɗin rai.” Ya mayar da kuɗinsa aljihu ya shige kasuwa.

Waɗanda suka tattara mini littattafai su ne wata yarinya mai tallan ruwan leda da wani ɗan ga-ruwa da ya jingine kurarsa ya zo. Yarinyar ta fasa leda ɗaya ta zuba mini a gwiwa, na ba ta kuɗi ta ƙi karɓa, ta ce, “Baba, bar shi.” Ɗan ga-ruwan ya saɓa keken a kafaɗa ya kai mini wajen wani mai faci da ke ƙarƙashin bedi a bayan layin. Shi kuma dattijon ya cire ƙafar, ya taka ta, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa yana sassautawa har ta miƙe. Yana aiki yana magana, bai ɗago kai ba. Ya ce, “Ɗana, in kana bisa keke ka ɗauka ba a ganinka. Ka yi tahiya kamar kai kaɗai ka san kana nan.” Da na tambayi kuɗin aiki sai ya ce in kawo abin da ya sawwaƙa. Har yau shi ne mai gyarana, ko da ƙaya ta huda ni a can Zariya, gara in turo keken in kawo masa.

Ƙofofin ma'aikatu wani babi ne. Na je wani buro karɓar takarda da ta shafi aikina. Masu mota da masu moto suna shiga fili suna fakawa a inuwa. Ina isowa mai gadi ya ɗaga hannu, ya ce in bar keken a waje. Na ce in aka sace fa? Ya yi dariya ya ce, “Wa zai saci wannan?” Sannan ya tambaye ni, “Wa ya aiko ka?” A ganinsa ni planto ne, ɗan aike. Ban ga laifinsa sosai ba, na kuma lura da wani abu da ya sa na kasa jin haushi: a bayan ɗakin gadinsa, jingine da bango, ga nasa keken, ya ma fi nawa tsufa. A wajen wani ɗaurin aure kuma, ina jingine keke, wani mutum mai babbar riga da ban taɓa gani ba ya miƙo mini jika biyu ya ce in yi sauri in ƙaro goro. Na karɓa, na je, na sayo, na kawo masa da canjinsa. Sai bayan an shafa fatiha ya ga ango ya zo ya durƙusa yana gaishe ni, don ni na koya masa karatu a aji uku. Mutumin ya rasa inda zai sa kansa. Ni kam dariya abin ya ba ni, goron ma mai kyau na zaɓo.

Wadda ba ta ba ni dariya ba ita ce ta watan azumi. Na tsaya a danja, gab da shan ruwa, sai gilashin wata mota ya sauka, wata hajiya ta miƙo leda da dabino da ƴan kuɗi a ciki, ta ce, “Bawan Allah, ga sadaka.” Niyyarta alheri ce, Allah ya ba ta lada. Amma na tsaya da leda a hannu, danja ta ba da hanya, ana ta yi mini oda, ni kuwa na kasa taka feda. Albashina a aljihuna yake a ranar. Na ba wasu almajirai ledar a gaba. Da na isa gida ban gaya wa maiɗakina ba, sai bayan sallah.

Gaskiya akwai lokacin da abin ya ci ni. Na fara bin lunguna don kada in haɗu da idon sani, ko da yashin lungu ya fi yawa. In na hango fada, samari sun kewaye butar shayi, sai in ƙara sauri, don na san wani zai jefo magana, “Mushe, a sa mata isansi mana!” a kwashe da dariya. Yara ƙanana su bi ni suna “dokin ƙarfe, dokin ƙarfe”. Waɗannan ba su dame ni ba, yara ne, wasu ma roƙo suke in ɗana su.

Sai ga watan Maris na 2025, isansi ya yi ƙarancin da ban taɓa gani ba. Ga matatar Zinder a ƙasarmu, ga gwamnati ta rage kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499 tun 2024, amma man babu. Na bakin hanya da aka saba dogara da shi, tun da Najeriya ta cire tallafi ya daina shigowa kamar da, kowa ya koma gidan mai, abin da ake tacewa bai isa ba. Layi ya miƙe a kowane gidan mai, mutane suna tura moto da ƙafa cikin rana, ga azumi a baki. Ni kuwa ina wucewa ta gefen layin, sarƙa tana ƙara a hankali. A makonnin nan na ga wani sabon gari. “Mushe, kai ka huta!” “Malam, kai ne mai wayo.” “Da tsohuwar zuma ake magani!” Wani mai mota ya sauke gilashi ya tambaye ni, da ladabi har da sallama, ina ake samun irin wannan keke mai ƙarfi kuma nawa ne. Dattijona mai faci ya ce mini kekunan da aka fito da su daga ɗakunan ajiya aka kawo masa a kwanakin nan, wasu har da saƙar gizo-gizo. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, har na riƙa buga ƙararrawa ba dalili in na zo daidai layi, Allah ya yafe mini. Da mai ya dawo, komai ya koma yadda yake. Mako bai cika ba aka sake danna mini doguwar oda, na koma “kai, mai keke”.

Akwai abin da ban faɗa ba tun farko, kuma in na ɓoye shi labarin bai cika ba. Lokacin da nake da moto, wata safiya na makara, a hanyar da ke fita Tibiri, wani tsoho yana gabana a keke, ya ɗauro harawa ta fi shi faɗi, yana tafe yana tangaɗi a bakin kwalta. Na danna masa oda ban saki ba. Ya firgita, ya faɗa yashi, ya sa ƙafa ƙasa, damin ya zame. Ina wucewa na ce, “Kai tsoho, hanyar ta ubanka ce?” Ban tsaya ba. Na manta da abin sarai, shekaru. Sai ranar da nake zaune a ƙasa bakin kasuwa da gwiwa a sale ya dawo mini, har launin harawar. Na yi ta ƙoƙari in tuna fuskar tsohon, na kasa, domin ban dube ta ba. Kuma a irin wannan hanya, da irin wannan kaya, Baba ya ciyar da mu har na zama mushe.

Yanzu na shiga adashe kuma. In kwasata ta zo, ban sani ba ko moto zan saya ko rufin ɗaki zan gyara kafin damina. Maiɗakina tana son moto, ta ce ta gaji da hawan adaidaita zuwa biki. Ni ma jikina yana so, ba zan yi ƙarya ba, musamman in na tuna hawan da ke jirana da rana tsaka. Sai dai tumbin da na fara ajiyewa ya tafi, kuma rabona da ciwon baya tun watannin farko.

A farkon shekarar karatun nan, ina cikin aji, aka ce ana sallama da ni. Na fito, sai ga farar shadda, ga ƙamshin turaren nan. Mai motar bakin kasuwa ne, riƙe da hannun wani yaro, ɗan ƙanensa da aka kawo daga ƙauye aka sa a ajina. Gabana ya faɗi, na ɗauka zai gane ni. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya ce, “Mushe, ga amana nan, ku ne iyayensu. Allah ya saka muku da alheri, aikinku sai Allah.” Ya dube ni ido cikin ido, babu alamar ya taɓa ganina. Na ce, “Amin, Alhaji, in sha Allahu.” Na raka shi har bakin ƙofa. Muka wuce ta gindin bedin da nake jingine keken, har gefen rigarsa ya shafi kariya, ya kakkaɓe ya yi gaba. Na koma aji na sa yaron a benci na biyu, kusa da allo, don na lura yana ƙanƙance ido in yana duban rubutu.